Hayar Gida da Rubutacciyar Yarjejeniya a Gwarzo da Kabo

Yarjejeniyar haya ita ce daidaitawar da mai gida da ɗan haya suke yi cewa ɗan haya zai zauna a gida, ko a wani sashe nasa, na lokaci sananne a kan kuɗi sananne, gidan kuma yana nan a hannun mai shi. Ana ƙulla ta da baki, ana kuma rubuta ta. A Gwarzo da Kabo, ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Kano da suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, ta baki aka fi sabawa da ita: a yi ciniki gaban dillali ko wani dattijo, a biya, a karɓi makulli. Takarda ta fara shigowa, ta kuma zo da ruɗani. Wasu suna ɗauka hayar da ba a rubuta ba ba ta da ƙarfi a kotu. Wasu suna ganin rasit ya wadatar. Akwai masu cewa duk takardar da ba lauya ya rubuta ba aikin banza ce, akwai kuma masu jin cewa neman takarda zargi ne ga mutumin kirki. Kowanne daga cikin waɗannan ya ɗauko wani yanki na gaskiya ya bar saura.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Haya sayar da amfanin abu ce ba tare da sayar da abin ba. Littattafan fiƙihu suna kiran ta ijara, sai dai malaman Malikiyya sukan keɓe kalmar kira'i ga hayar gidaje, filaye da dabbobi, su bar ijara ga ɗaukar mutum aiki. Ta bambanta da aro, inda ake ba mutum wurin zama kyauta. Ta kuma bambanta da jingina, inda mutum yake ba mai gida kuɗi ya riƙe gidan har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa. Jingina tana da tata muhawarar, tunda Malikiyya ba su yarda mai ba da rance ya sharɗanta cin amfanin abin da aka jinginar masa ba. Abin da ya haɗa ukun shi ne duk suna zaunar da mutum a gidan da ba nasa ba, kuma bayan shekaru, in babu rubutu, maƙwabta ba lalle su tuna wanne aka yi ba.

Agirimen kalmar Turanci ce da ake nufin takardar yarjejeniya da ita, wato wadda ta ƙunshi sharuɗɗa, ɓangarorin biyu suka sa hannu. Rasit shaidar karɓar kuɗi ne kawai: yana nuna an biya nawa, ranar kaza, amma ba ya faɗin wanda zai gyara rufi ko yadda za a rabu. Notis sanarwar tashi ce. Dillali, wanda a yanzu ake kira ejan, shi ne mai haɗa cinikin, ladansa kuma la'ada. Kiyateka wakilin mai gida ne da ke kula da gidan yana karɓar kuɗi. Kafin alƙalami wani kaso ne na kuɗin da ake fara bayarwa don a riƙe wa mutum gidan, shi kuwa kuɗin ajiya ana karɓar sa ne don gyara ɓarna idan an tashi, in ba a yi ɓarna ba a mayar.

Yadda aka zo nan

Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000. Mafi yawansu manoma ne da ke zaune a gidajen gado, inda ɗa yake yankar wani ɓangare na gidan mahaifinsa ya yi ɗaki idan zai yi aure. Baƙo kuwa mai masauki yake nema, da sanin mai unguwa. A irin wannan zama haya ƙaramin al'amari ce, kuma sanayya ita ce jingina: mai gida ya san mahaifin ɗan hayarsa, ya san masallacin da yake salla.

Masu haya a garuruwan nan sanannu ne. Akwai malaman makaranta da aka turo daga wani wuri, ma'aikatan Babban Asibitin Gwarzo, 'yan sanda, ma'aikatan sakatariyar ƙaramar hukuma, masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan kasuwa masu cin kasuwanni irin na Gwarzo da Getso. Sai kuma angwaye 'yan gari da gidan gado ya yi wa kaɗan. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo, kuma duk garin da babbar makaranta ta sauka, ɗalibai da ma'aikata sukan zo da neman ɗakuna daga mutanen da ba su taɓa sani ba.

Dalilan da suka sa ake komawa takarda ba su tsaya ga yawan baƙi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin siminti, kwano da katako ya tashi, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mai gida yana son ƙara kuɗi duk shekara, ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa a Jihar Kano ya koma naira 71,000 a 2024 yana son sanin abin da zai biya baɗi. Masu gidaje da yawa suna zaune a birnin Kano ko Abuja, sun bar ƙane ko kiyateka. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma matsalar tsaron yankin ta sa ana son a san sunan duk wanda aka ba ɗaki da inda ya fito. Kuɗi ma yanzu ta waya ake tura shi, ba gaban shaidu ake ƙirga shi ba.

Shin hayar baki haya ce?

Haya ce, a dokar boko da shari'ar Musulunci baki ɗaya. Jihohin Arewa sun gaji dokokin Ingila na gama-gari da suke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900, ciki har da ta 1677 da ta 1845 da suka shafi rubuta cinikin ƙasa. Ƙa'idar da ta fito daga cikinsu ita ce hayar da ba ta wuce shekara uku ba ana iya ƙulla ta da baki. Wadda ta wuce haka ce take buƙatar cikakkiyar takarda da rajista, da kuma izinin gwamna ko na ƙaramar hukuma gwargwadon irin takardar filin, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tsara. Hayar ciki da falo ta shekara guda ba ta shiga wannan sahu ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano suke hukunci da shi daga littattafai irin su Risala, Muhtasar da Tuhfa, haya tana ƙulluwa da yardar ɓangarorin biyu matuƙar an san gidan, an san kuɗin, an san lokacin. Rubutu ba sharaɗin inganci ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi mai wa'adi da kafa shaidu. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, wasu kamar Ɗabari suka ce wajibi ne. Kuɗin hayar da za a biya a gaba bashi ne, haka ma zaman da ɗan haya ya biya bai ci ba. Saboda haka mai cewa neman takarda rashin yarda ne da Musulmi ɗan'uwa ba shi da madogara a littafi.

Malikiyya sun kuma raba haya gida biyu ta hanyar da take da amfani a nan. Akwai wajiba, wadda aka yanke wa lokaci, kamar a ce shekarar nan daga watan kaza zuwa watan kaza; wannan ta ɗaure kowa har ƙarshenta. Akwai mushahara, wadda aka ce duk wata ko duk shekara kaza ba tare da an yanke ƙarshe ba. A wannan kowa yana iya janyewa, sai dai gwargwadon abin da aka riga aka biya. Yawancin hayar baki ba a fayyace wacce ce a ciki ba, kuma daga nan rigima take farawa.

Inda takarda take aiki

Amfanin takarda yana wajen hujja. A gaban alƙali mai da'awa ne yake kawo shaidu, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. Shaidun hayar baki suna mutuwa, suna ƙaura, suna mantuwa, kuma dillalin da ya ci la'ada a wajen mutum biyu ba ya son ɓata wa ko ɗaya. A kotun boko, sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a kawo maganar baki don sauya abin da aka rubuta, in ban da wasu keɓantattun halaye. Sashe na 84 ya buɗe ƙofa ga shaidar na'ura, don haka saƙon banki da hirar WhatsApp suna iya shiga, amma abin da suke tabbatarwa bai cika wuce biyan kuɗi ba.

Mai gida yana da dalili babba na rubutawa wanda ba a cika ambata ba, wato hauzi. A Malikiyya, wanda ya riƙe gida shekara goma yana tasarrufi da shi kamar nasa, mai shi yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to da'awar mai shi tana raunana; tsakanin dangi lokacin ya fi haka tsawo sosai. Hauzi ba ya aiki idan an tabbatar asalin zaman haya ne ko aro ko jingina. Matsalar ita ce tabbatarwar, musamman bayan waɗanda suka ƙulla sun rasu, 'ya'yan ɗan haya kuma sun tashi ba su san wani gida ba sai wannan. Takarda guda da rasit na kowace shekara suna kashe wannan magana tun ba ta taso ba.

Ɗan haya kuma mutuwa da sayarwa ne suka fi yi masa barazana. Malikiyya suna ganin haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gida ko ta ɗan haya, saɓanin Hanafiyya, kuma sayar da gida ba ya rushe hayar da aka yanke wa lokaci. Dokar boko ma haka take: magada da mai saye suna karɓar gidan da hayar da ke kansa. Amma idan magada suka zo rabon gado, ɗan hayar da ya biya shekara gaba ga mamaci ba tare da rubutu ba sai ya nemo shaidu. A gidan gado da ba a raba ba, ya kamata takardar ta nuna wanda ya ba da hayar da yawun wa ya bayar, domin ɗan'uwa guda ba shi da ikon ɗaure kason sauran ba da wakilcinsu ba.

Gyara shi ne inda al'ada ta fi yin shiru. Mutane da yawa suna ɗauka dole ne mai gida ya gyara duk abin da ya lalace. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne ba a tilasta masa, sai dai idan lalacewar tana cutarwa ɗan haya yana da zaɓin ya tashi. Muhtasar ya halatta a sharɗanta yashe masai, gyare-gyare da yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya wajaba, abin da ke nuna tun ƙarni na 14 malamai sun san inda ake samun saɓani. Ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ganganci ko sakaci. A gidan ƙasa da ke son yaɓe kafin damina, ko gidan kwano da ke yoyo ya ɓata silin, layi biyu sun isa su faɗi wanda zai yi aikin da yadda za a cire kuɗin.

Na kusa da wannan shi ne gyaran ango. An saba kafin a kai amarya ango ya yi fenti, ya sa tayil, wani har ya sauya ƙofofi, dangin amarya su zo su yi jere. Abin da aka manne a gini ya zama na gini, kuma ba abin mamaki ba ne shekara ta zagayo mai gida ya ƙara kuɗi saboda gidan ya yi kyau. Idan ba a rubuta cewa za a cire kuɗin aikin daga haya ba, ko kuma ba za a yi ƙari ba har shekara kaza, ango ba shi da abin riƙewa. Game da ƙarin kansa, kotunan Najeriya sun daɗe da ɗaukar sa a matsayin tayi: mai gida ba ya ƙara kuɗi shi kaɗai a tsakiyar wa'adi, abin da yake da iko a kai shi ne ya ƙi sabuntawa ta hanyar da doka ta tsara.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu yawan jawo faɗa: bashin kamfanin wutar lantarki na KEDCO da aka tarar a kan mita, rabon kuɗin wuta a gidan da mutane da yawa suke mita ɗaya, rijiya, kiwo a tsakar gida, saka wani a ɗakin ba da sanin mai gida ba. Har lissafin shekara yana son fayyacewa, domin shekarar Musulunci ta gaza ta boko da kwana 10 zuwa 12, kuma manomi ya fi son biya da kaka, ma'aikaci kuwa ƙarshen wata.

Notis da tashi

A nan ne ruɗani ya fi yawa, a nan ne kuma takarda take iya cutar da wanda bai karanta ba. Dokokin karɓar gida daga ɗan haya a jihohin Najeriya kusan tsarinsu ɗaya ne. Idan ɓangarorin ba su yanke wa'adin notis ba, mai hayar mako ana ba shi mako, mai hayar wata wata guda, mai hayar wata uku-uku wata uku, mai hayar shekara-shekara kuma wata shida. Idan notis ya ƙare bai tashi ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi mai gida zai je kotu. Kotu ce kaɗai take ba da umarnin fitarwa.

Abu biyu ake yawan kuskurewa. Na farko, wata shidan nan ba kyauta ba ne. Ɗan haya zai biya kuɗin duk ranar da ya zauna, har da kwanakin da ya ƙara bayan wa'adi. Na biyu, wata shidan yana aiki ne idan ba a yi wani sharaɗi ba. Idan takarda ta ce notis wata ɗaya ne, wata ɗayan kotu za ta bi. Idan kuma ta ce hayar ta shekara guda ce cak, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, to tana ƙarewa da kanta, ba a buƙatar notis sai takardar kwana bakwai. Ma'ana, ɗan hayar shekara da ba shi da takarda yana iya fin wanda ya sa hannu a kan takardar da lauyan mai gida ya tsara samun lokaci. Wannan ba hujja ba ce ta gudun rubutu, amma ya isa ya sa a daina ɗaukar kowace takarda a matsayin kariya.

Abin da babu takardar da take halattawa shi ne mai gida ya ɗauki doka a hannunsa: cire kwano, sauya kwaɗo, yanke wuta, fitar da kaya waje, ko turo matasa. Kotuna suna sa a biya diyya a kan haka ko da ɗan hayar yana da bashi. Bashin haya kuma ba laifi ba ne da 'yan sanda za su tsare mutum a kai. A ɗaya ɓangaren, wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2021 a shari'ar kamfanin Pillars ya nuna rashin jin daɗin alƙalai da 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis suna shekaru a gidan mutane, har aka bayyana cewa shigar da ƙara kansa sanarwa ce.

A aikace, rigimar haya a Gwarzo ko Kabo takan fara ne a zauren mai unguwa, ta wuce wurin dagaci ko hakimi, ko ofishin Hisba, hukumar da aka kafa da doka a 2003. Waɗannan sulhu suke yi, ba su da ikon fitar da mutum da ƙarfi. Amma su ma tambayarsu ta farko ita ce me aka yi alkawari.

Harshen takarda

Yawancin takardun da ake sayarwa a shagunan kwamfuta da Turanci suke, an kwafo su daga na Legas ko Abuja, da sharuɗɗan da ba su da alaƙa da gidan da ke da rijiya da masai. Babu dokar da ta ce sai da Turanci yarjejeniya take inganta. Ta Hausa, da boko ko da ajami, yarjejeniya ce. Idan ta je kotun da ke aiki da Turanci sai a haɗa ta da fassara.

Akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, hakan kuma ya zama shaidar cewa an karanta wa mai sa hannun an yi masa bayani kafin ya dangwala. Sai dai wa ake nufi da wanda bai iya karatu ba? A 1962, a wata shari'a tsakanin kamfanin PZ da wasu 'yan kasuwa biyu na Arewa, babbar kotun ƙasa ta lokacin ta ce wanda ya iya karatu da rubutu da Larabci bai shiga wannan kariya ba ko da bai san Turancin da aka rubuta takardar da shi ba. Wasu hukunce-hukuncen sun bi wata hanyar, suka duba harshen takardar kanta. Ga yankin da almajirai da malaman zaure suke da yawa, wannan saɓani ba ƙarami ba ne. Hanyar da ta fi aminci ita ce a rubuta da harshen da kowa yake ji, a karanta a bayyane gaban shaidu biyu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa mai sa hannu. Takardar da take aljihun dillali kaɗai ba ta kare kowa.

Lauya, kan sarki da haraji

Mutum biyu suna da ikon rubuta yarjejeniyarsu da kansu. Abin da dokar aikin lauyoyi ta hana shi ne wanda ba lauya ba ya riƙa tsara takardun gidaje da filaye don a biya shi. Wannan ya sa kuɗin agirimen da wasu dillalai suke karɓa bayan la'ada abin tambaya ne, musamman idan babu lauyan da ya ga takardar.

Kan sarki haraji ne da ake biya a kan takarda, asalin dokarsa ta 1939 ce. A Yulin 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da hukumar tara haraji ta tarayya ta ambaci kashi 6 cikin ɗari a kan haya, daga baya ta fayyace cewa wannan na hayar da ta wuce shekara 21 ne, ta shekara 7 zuwa 21 kashi 3, wadda ba ta kai haka ba kuma kashi 0.78. Tsakanin ɗaiɗaikun mutane hukumar harajin jiha ce take karɓa. Rashin kan sarki ba ya rushe haya, yana dai iya kawo cikas wajen gabatar da takardar a kotu har sai an biya da tara. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka sa ta fara aiki a Janairun 2026, ta haɗe wannan haraji cikinta, ta kuma kawo rangwamen haya: ana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyaka naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji. Ma'aikacin da ke son wannan rangwame sai ya iya nuna abin da ya biya.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu goyon bayan rubutu, waɗanda suka haɗa da lauyoyi da malamai da yawa, hujjarsu ita ce wadda ta gabata. Masu ja da baya kuma ba duka ne jahilci ya sa su ba. Suna cewa hayar baki tana da sassauci: mai gidan da ya san ɗan hayarsa yana ɗaga masa ƙafa idan albashi ya makara ko damina ta yi gardama, wani ma ya yafe. Takarda, a ganinsu, tana mayar da maƙwabtaka ciniki, tana ƙara kuɗi a kan wanda da ƙyar ya haɗa na haya, kuma mai gida ne yake tsara ta. Akwai gaskiya a maganar ƙarshe. Inda maganar ta yi rauni shi ne rubutu bai hana kowa yafiya ba, sassaucin kuma yana tafiya ne da mutumin da ya yi shi, magadansa ba su gaje shi dole ba.

Wasu masu gidajen suna gudun takarda don kada ta zama hanyar haraji, ko don suna jin za ta hana su tayar da mutum lokacin da ɗansu zai yi aure. Na biyun kuskure ne, tunda rashin takarda ne yake jawo notis na wata shida. Akwai kuma masu son gwamnati ta shiga tsakani kamar yadda Legas ta yi a dokarta ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya ta kuma wajabta ba da rasit. Masu suka suna nuna cewa ko a Legas ɗin ba a cika bin ta ba, domin inda gidaje suka yi ƙaranci mai nema ba ya kai mai gida ƙara.

Abin da zai iya biyo baya

Alamu sun fi nuna rabuwar kasuwar gida biyu. Sababbin gidajen siminti na bakin titin Kano zuwa Gwarzo da na kusa da makarantu da asibiti za su koma takarda, saboda masu su ba sa gari kuma masu shigarsu baƙi ne. Ɗakunan cikin gari da ake ba ɗan'uwa ko almajirin malam za su daɗe a kan baki. Rubutu zai rage musu a kan nawa aka biya da yaushe wa'adi zai cika, amma zai iya ƙaro wata rigimar a kan sharuɗɗan da aka sa wa hannu ba a fahimta ba, muddin ana ci gaba da kwafo takardun Turanci. Zai kuma iya gajarta lokacin da 'yan haya suke samu kafin tashi, idan hayar shekara guda cak ta zama ita ce al'ada.

Mata suna cikin waɗanda abin zai shafa ta hanyar da ba a cika lura ba. Sunan miji ne yake kan takarda, kayan ɗaki kuwa na matar ne. Idan aka yi saki ko rasuwa, zamanta na idda ko takaba a gidan yana rataye ne a kan ranar da hayar za ta ƙare, kuma mai gidan da ke bin miji bashi ba shi da ikon riƙe gadonta da kujerunta. Bazawara ko ma'aikaciyar asibiti da ta kama haya da kanta tana da cikakken ikon sa hannu da sunanta a dokokin biyu, ko da mai gida ya nemi wani namiji ya tsaya mata. Wanda ya tsaya ɗin lamuni ya ɗauka, kuma iyakar abin da ya lamunta shi ma yana son a rubuta shi.